Daga Gindin Kwakwa: Ɗaki Ɗaya, Zuciya Biyu

 

A wannan karo za mu ɗan yi nisan kiwo, mu leƙa ƙasar Ingila. Amma kada kowa ya ɗaure kaya, domin kafin mu rufe filin za mu komo nan unguwarmu ta Cocotiers, har cikin ɗakunan hayar da ke bayan gidajenmu.

Abin da ya jawo wannan tafiya shi ne, kwanan baya wani yaronmu mai karatun Ingilishi a Jami'ar Omar Bongo ya zo majalisar da muke zama bayan sallar isha'i, riƙe da 'yar kwamfutarsa. Ya ce yana koyon yadda Turawan Ingila ke magana a tsakaninsu, shi ne ya samo wani wasan kwaikwayo na ban dariya da aka yi a talabijin ɗin ƙasarsu. Muka ce ya kunna mu gani. Yana kunnawa yana tsayarwa yana fassara mana, waɗanda suka yi zaman Nijeriya da Gana a cikinmu suna taya shi. Muka yi ta dariya har mai shayi ya manta da butarsa a kan wuta. Sai dai wani dattijo daga cikinmu ko murmushi bai yi ba. Da aka gama sai ya gyara hula ya ce, "Ku Turawa kuke kallo. Ni kuwa yaran nan biyu na bayan gidana nake gani." Kowa ya yi tsit, domin mun san yaran da yake nufi, mun kuma san yadda zamansu ya ƙare. Wannan magana tasa ita ce ta haifi filinmu na wannan wata.

Sunan wasan Peep Show, a Hausance kamar a ce wasan leƙe. Tashar Channel 4 ta Birtaniya ce ta fara nuna shi a watan Satumba na 2003, aka kammala shi a watan Disamba na 2015, bayan an yi zango 9, jimlar kashi 54 ke nan, kowane kashi bai cika rabin awa ba. Sam Bain da Jesse Armstrong ne suka rubuta yawancinsa, manyan 'yan wasan kuwa su ne David Mitchell da Robert Webb, waɗanda abokan juna ne tun suna ɗalibai a Jami'ar Cambridge. A 2008 wasan ya ci lambar BAFTA, wadda ita ce babbar lambar yabo ta talabijin a Birtaniya.

Tun kafin mu yi nisa bari mu yi wa iyaye hannunka-mai-sanda. Wannan ba wasan da za a kunna a tsakar gida ba ne, domin akwai batsa da shaye-shaye a cikinsa. Shi kansa yaron da ya kawo mana sai da ya riƙa tsallake wasu wurare saboda ganin furfura a majalisa. Don haka ba tallarsa muke yi ba. Abin da muka tsinta a ciki ne muke so mu raba da ku.

Labarin dai na wasu samari biyu ne, Mark da Jeremy, masu zaune a gida ɗaya a unguwar Croydon da ke kudancin Landan. Tun daga jami'a suke tare. Mark shi ne mai gidan. Ma'aikaci ne a wani kamfanin ba da rance, mutum ne mai tsari da ƙididdiga, mai son karatun tarihin yaƙe-yaƙe, mai tsananin tsoron idon jama'a. Idan ya haɗu da yaran unguwa a hanya sai gabansa ya faɗi, idan zai gaisa da mace sai harshensa ya harɗe. Shi kuwa Jeremy ɗan ci-rani ne a gidan abokinsa. Ba shi da tsayayyen aiki, yana ɗaukar kansa gawurtaccen makaɗi wanda duniya ba ta gano ba tukuna, yana ci yana sha yana kwana, kuɗin haya kuwa sai dai a ji a salansa. Kowanensu a ransa yana ganin ya fi ɗan'uwansa. Mark na ganin Jeremy malalaci ne, Jeremy na ganin Mark matsoraci ne wanda ya tsufa tun bai tsufa ba. Amma ko ɗaya ba ya iya rabuwa da ɗaya.

Har nan babu wani sabon abu, domin labarin mai tsumulmula da malalaci tsohon labari ne a kowace ƙasa. Dabarar da ta bambanta wannan wasa da sauran iri biyu ce. Ta farko, ana ɗaukar hoton ne daga idon mutanen da ke cikin wasan. Idan Jeremy na magana da Mark, kai mai kallo kai ne Mark, cikin ƙwayar idonka yake dubawa. Ta biyu kuwa, wadda ta fi ɗaure mana kai, ita ce ana jiyar da mai kallo abin da ke cikin zuciyar samarin nan biyu. Baki na cewa "babu komai," zuciya kuwa tana lissafin biredin da aka cinye mata. Baki na cewa "na yi murna da zuwanka," zuciya na tambaya yaushe zai tashi. Dariyar wasan duka tana cikin wannan rata da ke tsakanin abin da ke ciki da abin da ke baki.

Ga misali ɗaya da ya isa. Akwai wata abokiyar aikin Mark mai suna Sophie, wadda Olivia Colman ta fito a matsayinta, ita ce daga baya ta ci lambar Oscar a 2019. Mark ya shafe shekaru yana bin ta. A ƙarshen zango na uku, a 2005, ya sayi zobe ya tafi da ita yawon shan iska da niyyar neman aurenta, sai kuma ya sake tunani ya gane ba ya sonta. Kafin ya buɗe baki, ita ta tsinci zoben a cikin kayansa, ta ce ta amince. Nauyin baki ya hana shi cewa ba haka ba ne. Aka sa rana, aka gayyaci jama'a, yana ta cewa a ransa gobe zan faɗa mata. Ranar ɗaurin aure, a zango na huɗu, a 2007, sai ga ango ya ɓuya a saman benen coci shi da Jeremy. Aka gano su, aka ɗaura auren cikin hawaye, kuma auren ko kwana bai yi ba amarya ta kama gabanta. Maganar da za a gama cikin minti ɗaya a ranar farko, ita ce ta zama abin kunyar dangi biyu.

To, a nan ne muka tsaya muka kwatanta da namu wasannin. Waɗanda suka girma da rediyo da talabijin na Kaduna ba za su manta da Samanja Mazan Fama ba, wato marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya rasu a 2023. Ba za su manta da Karambana na marigayi Kasimu Yero ba, wanda ya rasu a 2017. Na baya-bayan nan kuwa sun san marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Ku duba da kyau, duk waɗannan gwanaye da baki suke ba mu dariya. Samanja da tsawa da Hausar bariki, Karambana da shiga sharo ba shanu, Ibro da faɗin abin da mai hankali zai haɗiye. Wato mu a wasanninmu marar kunya muke yi wa dariya, wanda ya faɗi abin da bai kamata ba. Su kuwa Turawan nan sun juya abin, suna yi wa mai kunya dariya, wanda ya kasa faɗin abin da ya kamata. Mun daɗe muna ganin illar sakin baki a kan allo. Illar ɗaure baki ce ba mu saba gani ba, alhali kuwa ita ta fi yawa a ɗakunanmu.

Yanzu sai mu komo gida. Kowa ya san dalilin da ya sa samarinmu ke cunkushewa biyu-biyu, uku-uku a ɗaki guda. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen Gabon sun kai miliyan 1.8, sama da 700,000 daga ciki kuwa a Libreville suke zaune, kuma an sha sanya birnin cikin biranen Afirka masu tsadar rayuwa. Kafin ka karɓi mabuɗin ɗaki, ko na katako ne mai rufin kwano, sai ka ajiye kuɗin jingina, ka biya na wata ko watanni a gaba, ka kuma sallami dillalin da ya nuna maka. Yaron da ya sauko daga Bitam ko Oyem, ko wanda ya taso daga Maraɗi, ko Garwa, ko Kano, ina zai samo wannan a makon farko? Dole ya raɓa da wani. Manyanmu da suka ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994, da kuma tashin dubban baƙi a farkon 1995 saboda takardun zama, za su ba ku labarin yadda ɗaki ɗaya ya riƙa ɗaukar mutum biyar. Raɓawar nan alheri ce, da ita muka tsaya da ƙafafunmu a ƙasar nan, kuma ba mu fatan ranar da za ta gushe. Amma Bahaushe ya riga ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Yaran da dattijon nan ya tuna, ba za mu kama suna ba. Ɗaya tela ne, shi ya fara kama ɗakin. Ɗayan ɗan garinsu ne, ya iso daga baya, ya fara tallar agogo da tabarau a kasuwar Mont-Bouët. Ranar da ya sauka tela ya ce masa, "Haba ɗan'uwa, ai nan gidanka ne, zauna kafin ka samu wuri." Shi kuma ya ce, "Na gode Yaya, kwana biyu ne kawai." Kwana biyun nan sai da suka zama shekara biyu.

Da a ce an ɗora wa ɗakin nan irin dabarar wasan Turawa, ga abin da za mu ji. Ƙarshen wata ya yi, tela ya ƙirga jika hamsin ya kai wa mai gida. Ya dawo ya tarar da abokin zamansa a kwance yana danna waya. Baki ya ce, "Sannu da hutawa." Zuciya ta ce, ni ne bawan da aka saya maka. Shi kuma mai talla ya ɗebo ruwa tun asuba, ya share ɗaki, ya dafa shinkafa, ya wanke tukunya, lokaci-lokaci ya sayo katin wuta. Tela ya ci ya tashi bai ce komai ba. Baki ya ce, "A dawo lafiya Yaya." Zuciya ta ce, ya mayar da ni yaron gidansa, ko sannu babu. Shi tela yana lissafin kuɗi, shi mai talla yana lissafin wahala. Kowa yana da littafinsa a cikin ciki, kowa yana ganin shi ake bi bashi, kuma babu wanda ya taɓa buɗe wa ɗan'uwansa shafi ɗaya. A masallaci kafaɗa da kafaɗa, a majalisa kwano ɗaya, har muna ba da misali da su.

Abin da ya fasa ƙwan bai taka kara ya karya ba. Ana saura kwana uku Sallah, tela ya kwaso ɗinkin mutane ya kawo ɗaki don ya kwana yana aiki, sai wuta ta ɗauke tsakar dare, domin kuɗin da ke cikin mita ya ƙare. Ashe abokin zaman ya bar fanka tana juyawa tun safe. Nan take littafin shekara biyu ya buɗe. Aka tono kuɗin haya, aka tono sabulu, aka tono kifin gwangwani, har aka kai ga iyaye. Aka kama kokawa, ƙofa ta ɓalle, maƙwabta suka fito da fitilu. Kafin gari ya waye magana ta kai gaban mai unguwa, kuma da ƙyar dattawa suka hana ta wucewa wurin 'yan sanda.

Da aka zaunar da su kowa ya faɗi nasa, abin da ya ba mu tausayi shi ne maganar da ta fito daga bakin kowanensu iri ɗaya ce: "Wallahi Baba, ban san haka yake ji ba." Mai talla ya ce da an ce masa ya kawo rabin haya da ya kawo, shi ya ɗauka tayin kuɗi ga wanda ya sauke ka cin fuska ne. Tela ya ce ta yaya zai dubi idon ɗan garinsu ya tambaye shi kuɗin ɗaki, a je gida a ce ya zama Bature? Kun ji fa. Kowanensu kunya ce ta rufe masa baki, kuma kowanensu yana ganin ladabi yake yi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu an hore mu tun muna yara mu hana fuska ba da labari.

Ga inda abin ya daina zama na mutum biyu. Matar da ke da gidan, 'yar ƙasa ce mai mutunci wadda ta daɗe tana ba mutanenmu haya, ta gyara ƙofarta ta ce ta gama da Hausawa. Ba mu ga laifinta ba, ƙofarta aka karya, barcinta aka hana. Kun kuma san a garin nan duk mai doguwar riga da hula Bahaushe ake ce masa, ko daga ina ya fito. Su Mark da Jeremy idan sun yi abin kunya, kansu kaɗai suka yi wa, babu wanda zai ce Turawan Croydon duk haka suke. Mu kuwa 'yan tsiraru ne, wake ɗaya ke ɓata mana gari. Yaron da zai sauka gobe da jakarsa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi zai biya kuɗin ƙofar nan. Su kuma yaran biyu, ɗaya ya koma Port-Gentil, ba sa ga-maciji, kuma mun ji labarin ya isa gida har iyayensu mata sun daina gaisawa.

Kada wani ya ce filin nan yana kira a yar da kunya. Allah ya kiyaye. Kunya da kawaici da kara su ne adonmu, su suka sa ake ba mu amana a kasuwa. Ciki ma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi kansa wasan ya nuna haka, domin da Mark zai furta duk abin da ke ratsa zuciyarsa, da ko kare ba zai zauna da shi ba. Amma abin da ke cikin ciki iri biyu ne. Akwai ɓacin ran da ke wucewa, kamar munsharin abokin kwana, ko waƙar da yake so kai ba ka so. Wannan a haɗiye shi, shi ne kawaici. Akwai kuma haƙƙi, wato kuɗi da aiki da wurin kwana, wanda ba ya narkewa in an haɗiye shi, sai dai ya taru ya yi tsami. Yin shiru a kan wannan ba kawaici ba ne, ajiyar faɗa ce zuwa wata rana. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma abu ɗaya da muka lura babu shi sam a rayuwar samarin nan na Croydon, wato mutum na uku mai furfura. Abokan da ke kewaye da su duk tsararrakinsu ne, wasu ma sun fi su ruɗewa. Babu wanda zai kira su ya ce ku zauna, kai faɗi, kai ma faɗi. A zango na takwas, a 2012, Mark ya so Jeremy ya tashi domin budurwarsa ta tare, aka yi ta jan ƙafa har budurwar ta kuɓuce masa. A zango na ƙarshe ya sa wani sabon ɗan haya, Jeremy kuwa ya koma kwana a bahon wankan gidan wani abokinsa, daga bisani suka haɗa kai suka kori baƙon suka koma gidan jiya. Mu kuwa muna da wannan mutum na uku tun kaka da kakanni. Duk inda Bahaushe ya kafa zango, daga Kumasi har Yawunde, akwai mai gida mai saukar baƙi, akwai sarkin Hausawa, akwai liman. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin yadda masu gidajen nan ke saukar da fataken shanu da na goro, su tsaya musu a kan bashi, su raba musu gardama. Da irin wannan tsari kakanninmu suka ratso Kamaru suka zauna a Bitam da Minvoul da Oyem. Baƙo ba ya sauka sai a hannun wani, kuma abin da nauyin baki ya hana shi faɗa wa abokin zamansa, yana iya faɗa wa mai gida. Yau kuwa yaro na sauka ne da lambar waya kawai. Daga tasha sai ɗakin abokinsa, babu babban da ya san da zuwansa sai ranar da ƙofa ta ɓalle.

Saboda haka ga 'yan shawarwarinmu, ga samari da kuma dattawa.

Na farko, a raba baƙunta da zaman haya tun ranar farko. In baƙo ne, a faɗi kwanakin da zai yi yana cin arziki, wata ɗaya ne ko biyu. In sun cika bai samu wuri ba, to ya zama abokin haya, sai a sake zama a yi sabuwar magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a fitar da littafin daga cikin ciki a sa shi a kan takarda. Ɗan littafin makaranta guda ya isa. A rubuta haya, da wuta, da ruwa, da gas, da wanda ya biya da ranar da ya biya. Wanda ba shi da kuɗi amma yana ɗiban ruwa yana girki, a ƙimanta wahalarsa a gabansa, ya san an gani, shi ma mai biya ya san ba a banza yake ciyarwa ba. Mu da muke rubuta bashin kwastoma na dala biyar a shago, me zai sa mu ji kunyar rubuta na jika hamsin a ɗaki?

Na uku, a yi wannan magana a gaban babba. Ba sai an tara jama'a ba, dattijo guda ya isa, wanda duka biyun ke jin nauyinsa. Amfaninsa shi ne ya ɗauke musu nauyin baki. Abin da tela ba zai iya ce wa ɗan garinsu ba, dattijo zai faɗe shi cikin raha a wuce wurin, babu wanda ya ji an ci masa fuska.

Na huɗu, ku dattawa, kada ku jira sai an kawo ƙara. Idan kun ga yara biyu sun shekara a ɗaki guda, ku ja kowanensu gefe ku tambaye shi, "Ɗana, yaya zamanku? Wa ke biyan me?" Zai ce lafiya lau. Ku sake tambaya. A tambaya ta uku ake jin gaskiya.

Na biyar, in zama ya ƙi, a rabu tun ana dariya. Aure zai zo, ko ƙani zai sauka, ko dai hali ya ƙi haɗuwa. A ba juna wa'adi, a taya wanda zai tashi neman wuri, a raka shi da kayansa. Ɗaki na haya ne, yau kana ciki gobe wani ne. Zumunci kuwa har gida yake bin mutum.

Yaron da ya kawo mana wasan ya nuna mana yadda aka rufe shi. Bayan shekara 12, aure ya mutu, aiki ya tafi, 'yan mata sun watse, Jeremy ya cika shekara 40, sai ga su nan su biyu a falon nan dai, a gaban talabijin ɗin nan dai, kowa na magana da zuciyarsa. Turawa sun yi dariya sun tafa. Dattijonmu kuwa cewa ya yi, "Sabo turken wawa. Waɗannan ba abota ta riƙe su ba, rashin mai raba su ne." Mu dai ba mu ce duk gaskiyarsa ba ce, domin mun ga alamar suna son juna a can ƙasan rai, sai dai har aka rufe wasan ba su iya zama sun faɗa wa juna yadda ya kamata ba. Wannan ma wani bashi ne da ake bin baki. Wanda ya sauke ka a ɗakinsa, ka ce masa ka gode yana ji. Wanda ya ɗebo maka ruwa, ka ce masa sannu yana ji.

Kai mai karatu da ke raba ɗaki da wani a Cocotiers, ko Nkembo, ko Akébé, ko Lalala, in ka ninke wannan jarida ka dubi abokin zamanka. In akwai wata magana da ka shafe wata uku kana cewa gobe za ka faɗa masa, to goben ta yi. In bakinka ya yi nauyi, majalisarmu tana nan bayan isha'i, akwai shayi, akwai masu furfura.

Muna jiran wasiƙunku a kan wannan batu, musamman daga 'yan'uwanmu mata, domin mun san zaman tsakar gida ɗaya da murhu ɗaya yana da nasa littafin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.